Wa Zai Faɗa wa Gogo?

Ranar da Zouera ta sake kawo mini riga in buɗa mata, cewa ta yi wai ruwan Riyad ne yake tsuke mata kaya. Na karɓi rigar na jujjuya, na ce lallai ruwan nan yana da zaɓe, tunda bai taɓa hannu ba, bai taɓa wuya ba, tsakiya kawai ya sani. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ni ma ban ƙara ba. Na fi shekara goma ina ɗinkin mata a unguwar Manfuha a nan Riyad, kuma irin wannan abu ba ya ɓuya ga tela. Sau da yawa igiyar awona tana rigan miji sani.

Ƙofarmu na kallon juna ni da ita, a hawa na biyu na wani tsohon bene da fentinsa ya gama zuba. Ni Bilƙisu 'yar Kano ce, mijina Isiyaku direba ne a gidan wasu Larabawa. Ita kuwa bara aka kawo ta daga Maraɗi tana amarya, mijinta Mamane yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a unguwar Sulay. Yarinya ce mai sanyin magana, sai ka matso kafin ka ji gaisuwarta, amma hannunta ba shi da sanyi ko kaɗan. Tuwo take tuƙawa tana sayar wa gwaurayen unguwa, mutanenmu da ke kwana a cunkushe cikin ɗaki ɗaya, waɗanda shinkafa da kaza da burodi suka gundura. Tun da hantsi za ka ji muciya tana dukan tukunya ta cikin bango, kuma tukunyar ba ta wasa ba ce, ni kaina ba na iya sauke ta ni kaɗai.

Ba don sha'awa take yi ba. Albashin Mamane haya ce take cinye rabinsa, sauran kuma akwai bakuna a gida da ke jiransa. Zaman mace a kan iƙamar mijinta, wato takardar izinin zama, biya ake yi masa na kowane wata, kuma tuwon nan ne yake biya. Ranar da ta ajiye muciya, ranar za a fara maganar komawarta Maraɗi, inda mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, gidan ubanta kuma ya daɗe da watsewa.

To ba don irin wannan aka yi gwangwanin Gogo ba? Don shi aka yi mana. Shi ya sa har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Gogo tsohuwa ce 'yar Maraɗi da ta zo ƙasar nan tun kafin a gina rabin abin da ake gani yanzu. Ta yi aikin gidajen mutane har gwiwoyinta suka ce sun gaji, yanzu tana zaune wurin ɗanta a layin bayanmu. Kowace Juma'a bayan la'asar matan Hausawan unguwa, na Najeriya da na Nijar, muna taruwa a falonta. A sha shayi, a taɓa gulma daidai gwargwado, sannan a zagaya da wani tsohon gwangwanin madara. Kowace ta dunƙule hannu ta zura ta saki abin da Allah ya hore mata, ba mai ganin na wata. Wasu mazan ma suna aiko nasu, har da masu shaguna. Duk macen da ta samu juna biyu a cikinmu, farkon kowane wata Gogo tana ba ta kasonta, daidai da na kowace mai ciki, har sai yaro ya shekara. Ba adashi ba ne da za a jira ya zagayo, ba bashi ba ne, kuma in kika kuskura kika kira shi sadaka Gogo sai ta nuna miki ƙofa.

Abin da ya fi ɗaure wa sababbin zuwa kai shi ne ba a tambayar mace me ta yi da kuɗin. Wata na'urar sanyaya ɗakinta ta gyara. Wata nama ta dinga saya tana ci ita kaɗai bayan miji ya fita, kuma mun ji daɗi, don ta yi kumatu. Hajar, matar wani ɗalibi, wadda ta yi boko sosai, ta taɓa kawo shawarar a riƙa neman rasit, ta ce ta ji ana irin wannan tallafi a wasu ƙasashe, amma ai komai yana son tsari. Gogo ta dube ta ta ce, "Ke kina cikin jikinki, ni ina waje. Wa ya hi sanin inda ka yi miki ciwo?" Daga ranar maganar rasit ba ta sake tashi ba.

Doka ɗaya ce tak. Gogo ba ta tambaya, mai ciki kuma ba ta faɗa da bakinta. Wata babba ce daga ɓangaren matar, yayarta ko innarta ko 'yar garinsu da ta tsaya mata, take miƙewa a gaban mata ta sanar. Da can Gogo da idonta take aiki, har ranar da ta yi wa wata baiwar Allah barka ta danƙa mata kuɗi a gaban jama'a, ashe ƙari ne a cikinta ba ɗa ba. Matar ba ta sake taka falon ba, Gogo kuma ta rantse ba ta ƙara. Sannan wadda ta miƙe ta faɗa, ta zama uwa ke nan. In cikin fari ne a ɗakinta za a yi goyon ciki, ita ce da wankan jego, ita ce da kunun kanwa, ita za ta tsaya ranar suna.

Zouera ba ta da kowa nata a Riyad. Duk wanda ta sani dangin miji ne, kuma babbarsu ita ce Gogon da kanta, don yayar mahaifin Mamane ce. Ga cikin fari da kunyarsa, ga suruka riƙe da gwangwani. Kowace Juma'a tana zuwa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma bayan ƙofa ta zauna cikin wani ƙaton hijabi a tsakiyar zafin Riyad, in gwangwani ya iso ta zura hannu kamar kowa. Mata duk sun gani, ba makauniya a cikinmu. Kowace dai tana jiran wata ta motsa.

Wata Asabar da safe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, fuskarta ba jini.

"Yaya Bilki, baya ne ya matsa mini. Ko za ki raka ni mustausaf? Ni Larabcin bai zamna mini ba."

Na zura abayata muka tafi ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Likitar 'yar Sudan ce, mace mai jiki, mai saurin magana. Ta duba ta, ta ɗora mata na'ura a ciki, sannan ta juyo gare ni tunda ni ce mai jin yaren. Ta ce ciki ya shiga wata na shida, yaro lafiya lau, amma mabiyiya ta zauna ƙasa, kuma jinin da yarinyar ta gani da asuba gargaɗi ne. Ba ɗaukar nauyi, ba doguwar tsayuwa, ba sunkuyo, kwanciya kawai. In ba haka ba tana iya rasa shi, ita ma kanta ba a ce ta tsira ba. Ta yi ta maimaita "mamnu'u, mamnu'u", wato an hana, tana kaɗa mini yatsa, sai ka ce ni na sa ta tuƙin tuwo.

Jini! Ni da aka ce mini baya.

Sai aka zo fassara. Zouera ta kafe bango da ido, inda aka manna hoton yadda ake wanke hannu, tana kallo kamar za a yi mata jarrabawa a kai. Na rasa ta inda zan kama. Daga ƙarshe na ce, "Likita ta ce bayan nan naki ba ya son tukunya. Ta ce in kika ci gaba, abin da bayan yake riƙe da shi zai iya suɓucewa." Ta gyaɗa kai ba ta dube ni ba. Muka kamo hanyar gida.

Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ji muciya ta cikin bango.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar ɗinkin na tsallaka, ko sallamar kirki ban yi ba. Kicin ɗinta ɗan tsukuku ne, ba taga, sai wata fanka da aikinta kawai juya zafi. Tana tsaye ta dafe ƙugu da hannu ɗaya, tana tuƙi da ɗayan.

"Ajiye muciyar nan."

"Yaya, mutane sun biya na mako tun jiya."

"A mayar musu. Su ci burodi, ba a taɓa jin burodi ya kashe gwauro ba."

"In na aje, iƙama hwa? Wata mai kamawa za a nemi kuɗɗin. Mamane bai da su, na sani ko bai hwaɗi ba."

"Gwangwanin Gogo fa? Don ado aka ajiye shi?"

Sai ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba, kamar na ce ta fita titi ba mayafi.

"Gogo? Gogon Mamane? In ce mata mi?"

Na fizge muciyar na ce ta je ta kwanta. Ni na ƙarasa tuwon ranar, kuma ba zan yi ƙarya ba, gudajin da ke ciki ya kusa fin tuwon yawa. Gwauraye suka ci suna tambayar ko lafiya. Amma wannan ba magani ba ne. Ina da ɗinkin Babbar Sallah na mutane jibge har bakin ƙofa, kuma da zarar na juya baya sai in ji ta jawo buhun gari ko ta ɗauki bokiti. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma tsoron nata yana da gaskiya.

Da yamma na tare Mamane a matakala yana dawowa daga aiki, rigarsa duk gumi. Yaro ne mai ladabi, ladabin har ya so ya yi yawa.

"Mamane, ka san abin da likita ta ce?"

"Ta hwaɗa mini, Hajiya. Bayan ne..."

"Ba baya ba ne, kai ma ka sani."

Ya dubi takalminsa. "Wallahi na ce ta bari. Na nemi a ƙara mini awowin aiki, mudir, shugaban wurin, ya ce sai bayan Hajji. Ni ko barci ba ni yi."

"To ka je ka faɗa wa gogonka."

Sai da ya riƙe ƙarfen bene. "Ni? Hajiya, Gogo ita ta yi mini wankan jariri. In tsaya gabanta in buɗe baki in ce... A'a, ki yi mini rai."

Kafin in sake magana ya ce ya manta bai sayo sabulu a baƙala ba, wato shagon layinmu, ya juya ya sauka da sauri. Mutumin da ke ɗaga kayan da suka fi motar mijina nauyi, kalma ɗaya ta gagare shi. Na tsaya a wurin na rasa ko dariya zan yi ko zagi.

Sai na tafi wurin Gogo da kaina. Na same ta a ɗaki ta miƙe ƙafafu tana tsince gero a faranti. Bayan mun gaisa na ce, "Gogo, maganar Zouera ce."

Ba ta ɗago ba. "Lahiya take?"

"Ba lafiya ba. Mun je asibiti, likita ta ce..."

Ta ɗaga hannu. "Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To ban ji ba."

Na ji kamar in kifar da geron. Na ce, "Haba Gogo! Idonki biyu fa, kuma kin fi mu duka gani."

Ta ajiye farantin a hankali.

"Bilki, kina tsammanin barci nika yi? Tun watan azumi na gani. Kin ga geron ga? Na kunu ne, daga gida na aika anka kawo mini, har da kanwa, sauran suna nan ƙarƙashin gado ina kallonsu. Amma ni dangin miji ce. In na buɗe baki na kunyata yarinya, ba ta ƙara iya haɗa ido da ni. Sannan kuɗɗin ga ba nawa ba ne, na mata ne. Ranar da na ɗebo da hannuna na kai gidan ɗan ƙanena ba wanda ya miƙe ya nema, ranar gwangwanin ya mutu. Akwai masu goyo da ke ci cikinshi yanzu haka. In ya mutu, su hwa?"

"To sai a bar ta ta rasa shi saboda doka?"

"Ba a ɗaki aka hwaɗi ba, gaban mata aka hwaɗi. Kuma wadda ta hwaɗi, kin san abin da ta ɗauka."

Ta dube ni sosai, har sai da na kau da kai, sannan ta koma kan geronta.

Na sani mana. Abin da nake ta zagayewa ke nan tun daga ƙofar asibiti, ina aiken wannan ina aiken wancan. Na daɗe da aure ƙwarai, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mun je asibiti a Kano, mun je a nan, mun sha na gargajiya har na gaji da ɗaci, daga baya muka bar wa Allah. Kowace Juma'a ina zura hannuna a gwangwanin nan da zuciya ɗaya, amma duk ranar da wata ta miƙe ta ce 'yarta ko ƙanwarta tana da juna biyu, ina guɗa tare da kowa, in dawo gida in kasa cin abinci. Yanzu kuma ni ce zan miƙe in ce "'yata" a gaban matan da suka haifi biyar-biyar, shida-shida? Ni da ban san ko da wane hannu ake riƙe ganyen wanka ba? Tsoro nake ji, tsoron kallon da za a yi mini.

Ranar Alhamis Isiyaku ya samu ya leƙo gida cin abincin rana, na zayyana masa komai. Shi mutum ne da magana take yi wa tsada. Ya ci abincinsa tsaf, ya wanke hannu, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinkina yana kallon ciki.

"In aka matsar da keken nan jikin taga, katifa za ta shiga."

"Ni ban ce zan yi ba."

"Ni ma ban ce kin ce ba. Katifa na ce za ta shiga."

"Dariya za su yi mini, Malam. Me na sani a kan jego?"

"Da kika fara ɗinki me kika sani? Rigar farko da kika ɗinka mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma na sa ta na je masallaci."

Ya ɗauki makullin motarsa ya fita, ya bar ni ina harararsa ta baya.

Juma'a bayan azahar na shiga wurin Zouera. Na same ta a kwance, don na yi mata barazanar zan cire tukunyar gas in kai ɗakina in kulle. Na zauna a bakin gado na ce, "Yau ba za ki je gidan Gogo ba. Ni zan je, kuma in an tambayi mai magana zan miƙe. Amma sai in kin yarda. Kin san abin da ake zama in an miƙe."

Na tashi zan fita, sai ta sauko ta riga ni zuwa ƙofa, ta sunkuya ta juya mini takalmana suka fuskanci waje, yadda 'ya take yi wa uwa.

"Ke! Ba sunkuyon nan aka hana ki ba?"

Ta yi murmushi ta koma ta kwanta. Amsar da na samu ke nan.

Falon Gogo ya cika kamar kullum. Aka sha shayi, aka yi maganar tsadar tikitin jirgi da wata da kafil ɗin mijinta, wato ubangidansa, ya hana su hutu. Ni ban ji ɗanɗanon komai ba. Gwangwani ya zagaya ya koma gaban Gogo, ta ɗora masa murfi, ta yi tambayar da take yi kowane mako ba tare da ta dubi kowa ba.

"Akwai mai magana?"

Na dafa kafaɗar ta kusa da ni na miƙe.

"Ni ce. 'Yata Zouera tana da juna biyu."

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, ina jin har maƙwabta sun ji. Mata suka dubi juna. Sai Jamilatu, wata 'yar Zariya da bakinta yake rigan tunaninta, ta ce, "Bilki, ke? To amma jego fa ba ɗinki ba ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani, amma ta same ni daidai inda nake tsoro. Na ce, "Ba ɗinki ba ne kam. Amma wata da watanni kina kallonta, ke da kika haifi biyar, ban ga kin miƙe ba."

Sai Jamilatu ta ce, "Gaskiyarki," ta kuwa rangaɗa guɗa ita ce ta farko, sauran suka ɗauka.

Gogo ba ta yi guɗa ba. Gyara mayafinta ta yi, ta sauko daga kujera da gwiwoyin nan nata marasa lafiya, ta zauna a ƙasa tana fuskantata, kamar yau ta fara ganina.

"Sannu da zuwa, surukata. Mun ji, mun gode. Allah shi sauke ta lahiya."

Na durƙusa na amsa, don ba a barin suruka a ƙasa kana tsaye. Hawaye na bin kumatunta ba ta ko share ba. Ta buɗe gwangwani ta ƙulla kason wata a ƙyalle ta sa mini a hannu, a gaban kowa, yadda ake yi. Sannan ta matso ta rage murya.

"Wanka kuwa ruwan zahi ne da ganye, ba karatun likita ba. Garin ga ma famfo da kanshi ka dahwa ruwa. Ni in nuna miki, ki yi mata."

Kafin magariba Mamane ya tsallako da katifa a ka, da jakar kayanta a hannu. Goyon cikin da ake tafiyar kwana a mota dominsa, mu namu daga wannan ƙofa zuwa waccan ne. Ya ajiye kayan ya tsuguna ya yi ta godiya yana kallon ƙasa, har yanzu dai bai iya faɗin abin da yake godiyar a kai ba. Na ce ya je ya shaida wa gwaurayensa an rufe kicin sai abin da hali ya yi, wanda ya biya a mayar masa.

Da na ba Zouera ƙullin sai ta riƙe shi da hannu biyu.

"Mi zan yi da su?"

"Abin da kika ga dama."

"Sai yaushe za a maida?"

"Ba a mayarwa. Wata mai kamawa ma akwai, da na bayansa, har yaro ya shekara."

"Ko ban yi komi ba?"

"Ko ba ki yi komai ba. Rashin yin komai ɗin ma shi ne aikinki yanzu."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Sannan ta ce a ba Mamane ya ajiye na iƙama, in da saura tana son mangwaro. Na ce ko babu saura za a sayi mangwaro.

Washegari na zauna kan keke jikin taga ina taka shi a hankali don kada in tashe ta. Ta kwanta ta gefen hagu kamar yadda likita ta ce, ta juya wa bango baya, idonta a rufe. Na ɗauka barci take yi.

"Inna."

Wallahi sai da na waiwaya in ga da wa take. Ba kowa a ɗakin sai ni. Na taso na tsuguna kusa da ita.

"Mene ne? Jinin ne?"

Ta girgiza kai. Ba ta buɗe ido ba. Laluben hannuna ta yi, ta kama, ta ɗora a kan cikinta ta danne.

Da farko ban ji komai ba sai ɗumin jikinta. Can sai wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafin hannuna, kaɗan, ya tsaya. Na sha jin mata suna labarinsa, na ɗinka wa masu ciki riguna ba adadi, amma tun da aka haife ni ban taɓa ji da hannuna ba. Na ɗauke numfashi. Sai ya sake bugawa, da ƙarfi wannan karon.

Na ce, "Kai maigida, tun ba ka fito ba ka fara dukan kakarka?"

Muryata ba ta fita daidai ba. Zouera ta yi kamar ba ta lura ba, ta dai ƙara danne hannuna da nata.